Tambayoyi da amsoshi: matsalolin saka Linux da BSD ta layin siriyal, ba monita ba kibod

Wannan na masu fama da injin da ba shi da wurin jona monita ne, ko kuma yana da shi amma injin yana can cikin rak a wani gari, kuma dole sai an saka masa Debian ko Ubuntu ko OpenBSD ko pfSense ta tsohon layin nan na siriyal. Kafin ka shiga tambayoyin ka riƙe abu ɗaya, rubutun da kake gani a tagar PuTTY, wato shirin da kake buɗewa a laftof ɗinka don ganin abin da injin ke turowa, ba abu guda ne yake turo shi daga farko har ƙarshe ba. BIOS ne ke fara magana, sai ya miƙa wa butloda, wato GRUB ko isolinux, sai kanel, sai instola, in an gama kuma sai shirin da ke fito da layin login. Kowannensu sai an gaya masa daban cewa ga ƙofar da zai yi magana ta ita ga kuma gudun da zai yi. Shi ya sa duk wanda ya ce min "ba ya yi", abin da nake fara tambayarsa shi ne, a daidai ina rubutun ya tsaya?

Oga wai me ya sa har yanzu ake wahala da siriyal, ba ga HDMI nan ba?

Saboda injina da yawa ba su da katin hoto kwata-kwata. Ƙananan allunan nan da ake yin fayawol da su irin APU na kamfanin PC Engines ko tsofaffin Soekris, da siwic da rawuta na Cisco, babu inda za ka soka monita a jikinsu. Shi tsarin siriyal ɗin, wato RS-232, tun 1960 yake, kuma daɗewar tasa ce ma amfaninsa, ba ya buƙatar direban hoto, ba ya buƙatar netwok, waya uku kacal sun ishe shi aiki. Ranar da netwok ya mutu SSH ya ƙi shiga, shi kaɗai ne zai saura maka.

Na jona komai na kunna injin amma allo baƙi ƙirin, ko harafi ɗaya babu. Ya mutu ne?

Da wuya. Mafi yawan lokaci kebul ne. A kan mai fil tara da muke ce wa DB9, fil na 2 shi ne na karɓa, na 3 na turawa, na 5 kuma ƙasa. Kwamfutarka da injin duk tsarinsu ɗaya, to in ka haɗa su da miƙaƙƙen kebul ka haɗa baki da baki kunne da kunne kenan, kowa na magana ba mai ji. Abin da kake buƙata shi ne null modem, wanda a cikinsa aka gicciya 2 da 3. Abin haushin shi ne da ido ba za ka bambance su ba, duka kamanninsu ɗaya, mai shago ma sau da yawa bai sani ba zai ce maka "ai duk ɗaya ne", to ba ɗaya ba ne. In kana da mita auna, fil na 2 na wannan kan ya fito a na 3 na ɗaya kan, in ya fito a na 2 miƙaƙƙe ne.

Masu ƙofar RJ45 da aka rubuta Console a kanta kuma shuɗin kebul ɗin nan mai faɗi na Cisco suke so, wanda aka juya wayoyinsa gaba ɗaya. Kebul ɗin netwok zai shiga ramin tsaf amma ba abin da zai fito.

Sai wani abu da mutane ke mantawa, siriyal ba ya ajiye abin da ya wuce. In injin ya gama tashi kafin ka buɗe tagar, ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, yana zaune ne yana jiranka. Danna Enter sau biyu ko uku tukuna. In ba komai, bar tagar a buɗe ka kashe injin ka sake kunnawa kana kallo.

Ta yaya zan tabbatar adaftar USB ɗina lafiya take?

Cire ta daga jikin injin, buɗe PuTTY ko picocom, ka sa ɗan ƙarfe ko kan sukudireba ka haɗa fil na 2 da na 3, sai ka yi ta danna haruffa. In suna fitowa a allo, kana cire ƙarfen kuma suka daina, adaftar da direbanta da shirin duk lafiya. Sai ka jona kebul ɗin ka maimaita a ɗaya ƙarshen. Amma ka lura, wannan gwajin ba zai gaya maka ko kebul ɗin null modem ne ko miƙaƙƙe ba, duka biyun za su ci jarrabawar.

Rubutu na fitowa amma shirme ne, wasu alamomi kawai marasa kan gado

To alhamdulillah, kebul ɗinka daidai yake, gudu ne bai zo ɗaya ba. Kowane ɓangare da agogonsa yake ƙirga, ba wanda ke gaya wa ɗan'uwansa gudun da yake yi, in ɗaya na 9600 ɗaya na 115200 abin da za ka gani kenan. Cisco 9600 suke zuwa da shi, Soekris 19200, ALIX 38400, APU kuma 115200, haka pfSense da OPNsense na yanzu 115200. In ba ka san na injinka ba fara da 115200, sai 9600, sai sauran. Ragowar setin kusan kullum 8N1 ne, wato bit 8 na harafi, ba parity, stop bit 1, ban ga dalilin taɓa shi ba.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne rubutu ya fara fitowa tas sannan a tsakiya ya koma shirme. Ba abin da ya lalace, an dai miƙa wa na gaba ne shi kuma yana kan wani gudun daban, misali BIOS na 115200 butloda na 9600. Canza gudun a taka tagar za ka ga rubutun ya dawo, daga baya sai ka daidaita su duka su zama ɗaya don kar ka riƙa wannan tsalle-tsallen kullum.

In kuwa gudun daidai ne amma haruffa ɗaiɗai na lalacewa, duba wayar ƙasa ta fil na 5, duba tsawon kebul don abin da aka saba ba da shawara kar ya wuce mita 15, sannan ka gwada zare cajar laftof ɗin ka bar ta a kan batir, musamman in a kan janareta kake.

Ina ganin komai amma in na danna kibod ba ya amsawa

Flow control ne, wato tsarin jiran izini kafin a tura, kashe shi. A minicom yana zuwa a kunne, danna Ctrl-A sai O, shiga "Serial port setup", danna F har "Hardware Flow Control" ya koma No, ka adana. Abin da ke faruwa shi ne shirin yana jiran izini ta fil na 8 kafin ya tura komai, kebul mai waya uku kuma ba shi da wannan wayar, to zai jira har gobe. A PuTTY kuma je Connection, Serial, ka mayar da shi None. In ka yi haka bai yi ba to wayar turawarka ce ta tsinke, koma gwajin ƙarfen can na sama.

Wani lokaci kuma kai ne ka danna Ctrl-S ba ka sani ba, komai ya daskare. Ctrl-Q ke sake shi.

Laftof ɗina ma ba ta ganin adaftar

A Linux soka ta ka buga dmesg, ya kamata ka ga ttyUSB0 a layukan ƙarshe. In ya ce maka "Permission denied" ba ka cikin rukunin dialout ne a Debian da Ubuntu, ko uucp a Arch. Saka kanka, ka fita ka sake shiga, fitar nan dole ce. A Ubuntu 22.04 akwai wata matsala sananniya, shirin brltty na makafi yana ƙwace adaftoci masu CH340, za ka ga ttyUSB0 ya bayyana nan take ya ɓace, in ba ka amfani da brltty cire shi kawai. In kuma aka ce ƙofar na hannun wani, duba ko akwai tsohon shirin screen na taminal da ka bari a baya bai mutu ba.

A Windows buɗe Device Manager ka ga lambar COM ɗin da aka ba ta, kar ka yi zato. Alamar rawaya da "Code 10" a kan Prolific PL2303 yawanci na nufin guntun cikin jabu ne ko tsoho ne da sabon direba ya daina karɓa. Jabun nan sun cika kasuwa, har FTDI ma a 2014 sun taɓa fitar da direban da ke hana na jabu aiki gaba ɗaya, aka yi ta surutu suka janye shi. Ni dai shawarata ka sayi biyu masu guntu daban-daban, ɗaya FTDI ko CP2102 ɗaya CH340, ka jefa a jaka, kuɗinsu bai kai na motar komawa gida ɗauko wata ba.

BIOS ya nuna, menu ya nuna, na danna Install sai komai ya tsaya cak

Wannan ita ce uwar tambayoyin. Yawanci layin ƙarshe da za ka gani shi ne "Probing EDD (edd=off to disable)... ok" ko wani abu makamancin "Booting the kernel", daga nan shiru. Mutane sai su ɗauka EDD ɗin ne matsalar su je su yi ta saka edd=off, alhali ba ruwansa, shi dai shi ne na ƙarshe da ya yi magana ta hannun BIOS. Injin bai maƙale ba, instola na can ya buɗe yana tambayar wane yare kake so, amma a kan monitar da babu ita yake tambaya. Kanel ba ya gadon setin BIOS, sai ka gaya masa da bakinka.

A Debian, in kana kan menu na isolinux ka sa haske a kan Install ka danna Tab, za ka ga layi kamar haka:

/install.amd/vmlinuz vga=788 initrd=/install.amd/initrd.gz --- quiet

Goge vga=788, goge quiet, ka mayar da shi:

/install.amd/vmlinuz initrd=/install.amd/initrd.gz --- console=ttyS0,115200n8

Ka kula da inda na ajiye shi, bayan alamar --- ɗin nan. Duk abin da ke bayansu instola na kwafe shi ya saka a GRUB na sabon tsarin, to da ka gama ka sake kunnawa ba za ka sake faɗawa cikin shirun ba. Shi kuma vga=788 in ka bar shi a injin da ba katin hoto shi ne ke kawo "Undefined video mode number: 314", ya ce ka danna Enter ko Space ko ka jira daƙiƙa 30. Ba wani abin tsoro ba ne, 314 ɗin ma 788 ne aka rubuta da lissafin goma sha shida.

In injin UEFI ne GRUB za ka gani, danna e, nemi layin da ya fara da linux, ƙara abin a ƙarshensa, sai Ctrl-x. Kar ka dogara da F10, sau da yawa ba ya ratsa layin siriyal. A dangin Red Hat irin Rocky da Alma ka haɗa da inst.text. Ubuntu Server kuwa in ya gane ta siriyal kake zai tambaye ka ko "rich mode" ko "basic mode", har da zaɓin ka ƙarasa aikin ta SSH, in netwok ya tashi ɗauki SSH ɗin ka huta.

Za ka iya saka console= sau biyu, misali console=tty0 console=ttyS0,115200n8, saƙonnin kanel za su fita duka biyun, amma na ƙarshe shi ne babba, shi instola zai kama. In ka juya su ka koma gidan jiya. In ma da wannan shiru ne, ƙara earlyprintk=serial,ttyS0,115200 ka ga ko kanel na mutuwa ne tun kafin ya kai ga buɗe ƙofar.

To ni menu ɗin ma bai fito ba, a ina zan danna Tab?

Menu ɗin mai hoto ne, BIOS kuma rubutu zalla yake iya turowa. A Debian danna Esc a makance, ko H sai Enter, zai sauke ka a kan boot: na rubutu, a nan sai ka buga

install vga=normal fb=false console=ttyS0,115200n8

In BIOS ɗin ma ba ya tura komai ta siriyal to sai an gyara filashin tun daga wata kwamfutar. A isolinux ko syslinux ana saka serial 0 115200 a layin farko na fayil ɗin setinsa, a grub.cfg kuma

serial --unit=0 --speed=115200
terminal_input serial console
terminal_output serial console

Matsalar ita ce in da dd ka rubuta ISO ɗin ba zai bari ka gyara ba. Rufus a yanayin ISO yana kwafe fayilolin a kan FAT32, wannan kam za ka iya buɗewa ka gyara.

ttyS0 ne ko ttyS1? Ta ina zan sani?

COM1 shi ne ttyS0 a adireshin 0x3F8, COM2 shi ne ttyS1 a 0x2F8, Linux daga sifili yake fara ƙirga. In kebul ne ka soka a bayan ƙaramin inji kusan kullum ttyS0 ne. Amma in ta IPMI kake shiga, hanyar sarrafa sabar daga nesa ta netwok, wato

ipmitool -I lanplus -H adireshi -U suna sol activate

to a manyan injina da yawa ana ɗora wannan a COM2, haka "console com2" na iDRAC ɗin Dell, haka vsp na iLO ɗin HP sau da yawa. Masu sayen sabobi na hannu su fi kula da wannan, don ba ka san abin da mai shi na baya ya canza a BIOS ba, shiga ka duba da idonka. In ttyS0 ya ba ka shiru gwada ttyS1, minti biyu ne. In kana da wata hanyar shiga injin, cat /proc/tty/driver/serial zai nuna maka waɗanda ke da rai da 16550A, na bogi kuma unknown, har da ƙirgen tx da rx da za ka ga yana hawa in ka danna maɓalli.

In ipmitool ya ce "SOL payload already active on another session", buga sol deactivate ka sake. Fita kuma ~. ne, in ta cikin SSH kake sai ka ninka shi ~~. in ba haka ba SSH ɗin naka ne zai yanke.

F2 da F11 ba sa aiki, na kasa shiga BIOS

Yi amfani da Esc. A injinan Dell da wasu da dama Esc sai 2 shi ne F2, Esc sai 0 F10, Esc sai ! F11, Esc sai @ F12. Ka danna su a jere da sauri, ba tare ba.

Instola ya fito amma a hargitse, layuka sun hau kan juna, ina ganin lqqqk a maimakon akwati

Ba a yi yarjejeniya ba ne kan irin taminal da haruffa. Siriyal ba ya gaya wa ɗaya ɓangaren girman tagarka, shi ya ɗauka 80 a 24 ce, to mayar da tagar haka kar ka buɗe ta ta cika allo. A PuTTY duba Translation ka gwada tsakanin UTF-8 da Latin-1, in an tambaye ka irin taminal ka ce vt100 ko vt220. Ctrl-L na sake zana allon a shirye-shirye da yawa. Bayan ka shiga tsarin kuma stty rows 50 cols 160 ko duk girman da kake so.

Jinkirin zanen ma ba cuta ba ne. Kowane harafi bit 10 yake ci a 8N1, to 9600 haruffa 960 ne a daƙiƙa, cikakken allo kuma haruffa 1920, daƙiƙa biyu kenan kafin ma a sa launi da akwatuna. Kar ka yi ta danna Enter don ka ga bai motsa ba, duk suna layi, za su shiga ɗaya bayan ɗaya su amsa maka tambayar goge diski ba ka gani ba.

Ya zan ga log ɗin instola tunda ba Alt-F4?

Tun Debian 9 instola na gudana a cikin screen in ta siriyal ne, za ka ga wani layi mai lambobi. Ctrl-a sai 2 ya ba ka shel, Ctrl-a sai 4 log, Ctrl-a sai 1 ka dawo. Rikicin shi ne in kai ma da screen ko minicom ko picocom ka shiga, duk Ctrl-a suke amfani da shi, naka ne zai haɗiye. A screen danna Ctrl-a sai a sai lambar, a picocom Ctrl-a sau biyu. Na Red Hat tmux ne, Ctrl-b.

Kuma don Allah ka kunna ajiye log a naka ɓangaren tun kafin ka kunna injin, screen -L zai rubuta screenlog.0, PuTTY na da shi a Session, Logging. In za ka nemi taimako wannan fayil ɗin ake so, ba hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace ba.

Kowane harafi na fitowa sau biyu a GRUB

Mutum biyu ne ke rubutu a ƙofa ɗaya, BIOS na ci gaba da turo abin da ke kan allo, GRUB ma na turo nasa. Ko dai ka kashe "Redirection After Boot" a BIOS, ko ka bar GRUB a console kaɗai. Ɗaya za ka zaɓa. In kuma abin da kake bugawa ne kawai ke ninkuwa, local echo ne a shirinka, wato shi ma yana nuna abin da ka buga, kashe shi.

BSD fa?

OpenBSD ya fi kowa sauƙi a nan. A boot> ka buga stty com0 115200 sannan set tty com0, a wannan jerin, in ka fara da na biyun zai iya komawa wani gudun ka daina ganin abin da kake bugawa. Can gaba instola da kansa zai tambaye ka "Change the default console to com0?", ce masa yes ka zaɓi gudu, shi zai rubuta /etc/boot.conf ya gyara /etc/ttys. A FreeBSD kuma set console="comconsole" a loda, daga baya ka saka console="comconsole" da comconsole_speed="115200" a /boot/loader.conf. Tsofaffin fitowa 9600 suke farawa da shi, daga FreeBSD 14 aka koma 115200.

Masu OPNsense da tsofaffin fitowar pfSense kuma kuskuren da aka fi yi tun wajen saukewa ne, akwai hoton filashi na VGA akwai na serial, in ka ɗauko na VGA za ka ga farkon tashi sannan shiru. Kuma a matse fayil ɗin yake zuwa, warware shi kafin ka rubuta.

Zan iya jona wannan kebul ɗin a Raspberry Pi ko allon rawuta?

A'a, kar ka kuskura. RS-232 na gaske yana wasa tsakanin volt 3 zuwa 15 sama da ƙasa, filolin Pi kuma 3.3 suke ɗauka, za ka ƙona shi. Adaftar USB zuwa TTL ta 3.3 ake sa wa. Ƙasa a fil na 6, fil na 8 shi ne turawar Pi ya tafi RX na adaftar, fil na 10 ya tafi TX. Jar wayar wuta bar ta a sake in Pi ɗin na da cajarsa. Sai enable_uart=1 a config.txt da console=serial0,115200 a cmdline.txt. A allunan ARM sunan ƙofar ma kan canza, za ka ga ttyAMA0 a wasu, kar ka kwafo ttyS0 daga bayanin PC ka liƙa.

An gama sakawa lafiya, na sake kunnawa, shiru ya dawo

Instola ya san da siriyal, sabon tsarin ne ba a gaya masa ba. Ba sai ka sake sakawa daga farko ba. In ka sa SSH duba rawutarka ka ga adireshin da injin ya karɓa ka shiga ta nan. In babu, tashi da filashin a rescue mode da console= ɗin nan, shiga diskin, ka gyara /etc/default/grub:

GRUB_CMDLINE_LINUX="console=tty0 console=ttyS0,115200n8"
GRUB_TERMINAL="serial console"
GRUB_SERIAL_COMMAND="serial --unit=0 --speed=115200 --word=8 --parity=no --stop=1"

sai update-grub. Mantawa da update-grub ɗin nan ya sa mutane da yawa sun rantse gyaran ba ya aiki. In ttyS1 ne ka tuna --unit=1. A dangin Red Hat grubby --update-kernel=ALL --args="console=ttyS0,115200n8" ya fi sauri.

Wanda ya kulle diskinsa da LUKS ya ƙara kula, tambayar kalmar sirri a babban console take fitowa, wato na ƙarshe a layin. In tty0 ne a ƙarshe injin zai zauna yana jiran kalmar a inda ba ka gani, netwok ma ba zai tashi ba.

Saƙonnin kanel na wucewa amma login bai fito ba

systemd kan tayar da shi da kansa in ya ga console=, in bai yi ba systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service. A BSD duba /etc/ttys ka tabbatar layin ƙofar a kunne yake kuma gudun ya dace.

In na liƙa dogon rubutu sai wasu haruffa su ɓace

Tunda ka kashe flow control, ba mai ce wa laftof ɗinka ta dakata, ita kuma tana zubawa gaba ɗaya. Liƙa layi-layi, ko ka sa jinkiri tsakanin haruffa, Tera Term na da wurin a setin siriyal, minicom ma haka. Makullin SSH musamman, harafi ɗaya ya faɗi shikenan ba zai yi ba kuma ba zai gaya maka dalili ba, gara ka jawo shi ta netwok.

An ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa, ko kuma injin ya daskare da gaske

In wuta ce ta tafi ana rubuta diski kar ka tsaya lallaɓa shi, sake daga farko ya fi. In laftof ce kawai ta mutu ko kebul ya zare, injin bai ma sani ba, sake jonawa ka danna Ctrl-L ko Tab allon zai dawo. In daskarewa ce, Linux na karɓar SysRq, wato umarnin gaggawa kai tsaye ga kanel, ta siriyal in an kunna shi, ka tura BREAK sannan harafi cikin daƙiƙa 5, a screen Ctrl-a sai b, a minicom Ctrl-A sai F. Fara da h, in ya amsa da jerin umarni kanel na da rai, sai s ya zuba abin da ke ƙwaƙwalwa a diski, u ya mayar da diskin na karatu kawai, sannan b ya sake tashi.

Akwai yadda zan gwada duk wannan kafin in je wurin injin?

Akwai, kuma shi na fi so mutane su fara yi. QEMU, shirin kwaikwayon inji, da -nographic zai ba ka injin da ba monita a cikin taminal ɗinka, ka tashe shi da ISO ɗin da za ka tafi da shi ka ga ko layin console= naka daidai ne, fita Ctrl-a sai x. Masu libvirt kuma virsh console, fita Ctrl-]. Abin da ba zai gwada maka ba shi ne kebul da BIOS na ainihin injin.

Windows Server fa, ana iya saka shi ta haka?

Ba yadda ake yi da Linux ba. Yana da abin da ake kira EMS tun Server 2003, wanda ke ba ka SAC> ta siriyal, kana iya ganin adireshi, ka sake kunna injin, ka buɗe cmd. Ana kunna shi da bcdedit /ems on da bcdedit /emssettings EMSPORT:1 EMSBAUDRATE:115200. Amma shi instolan mai hoto ne, don haka ko dai ka shirya fayil ɗin autounattend.xml ya amsa tambayoyin da kansa, ko ka yi amfani da allon nesa na iDRAC ko iLO, ko kuma ka zare diskin ka saka masa a wani injin ka dawo da shi.